Garin kabon nanotub da ake oda a intanet: kayan na aiki, amma takardar cikin kwalin ba ta yi ba

Jama'a bari in faɗi ra'ayina a kan garin kabon nanotub ɗin nan da ake sayarwa a ƙananan robobi a intanet, irin mai bango da yawa wanda suke rubuta MWCNT a jiki. Ni aikina haɗa fenti da efoksi (wani gam ne mai daskarewa ya zama roba mai tauri) masu ɗaukar lantarki, irin wanda ake shafa wa akwatin kayan lantarki don kada caji ya taru ya ƙona wani abu, shi yasa nake sayensa. Ba zan kama sunan kamfanin ba. A matsayin kaya dai ya yi, wannan ba ƙarya, amma yadda suke ƙunso shi da takardar tsaron da suke haɗowa da shi, nan kam ko tauraro biyu ban ba su ba, kuma dalilin da yasa na zauna nake wannan dogon rubutun kenan.

Bari in fara da yabo tunda haƙƙinsu ne. Kayan na gaske ne ba cuwa-cuwa ba. In ka samu ya watsu sosai a cikin efoksi, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyi ya isa mita ta fara nuna maka lantarki na wucewa, alhali baƙin kabon da aka saba da shi sai ka zuba ninkin ba ninki har efoksin ya yi kauri ya ƙi shafuwa, in ya bushe kuma ya dinga tsagewa. Sirrin a sifarsa yake, shi ba dunƙule ba ne, bututu ne siriri dogo, shimfiɗar kabon ce aka naɗe, kaurinsa 'yan nanomita goma-goma (gashin kai ɗaya yana kaiwa wajen nanomita 80,000 don ka gane inda ake) tsawonsa kuma ya ninka kaurin sau ɗaruruwa ko dubbai, to sai su dinga taɓa juna suna yi wa lantarki hanya. Tun 1991 da Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana shi ake ta yayinsa, yanzu masu batirin litiyam ne suka fi kowa rububinsa, ana sa shi a taya, a firam ɗin keke, a raket na tenis. To wannan sifar ta siriri dogo ku riƙe ta, za mu dawo kanta, domin a nan maganar huhu take.

Ƙunshin kuwa, roba ce mai faɗin baki da murfin murɗawa, an jefa ta a ledar zif guda ɗaya, shikenan. Tun kafin a buɗe, cikin ledar ya yi dishi-dishi da baƙi, zaren murfin ma baƙi wuluk, ma'ana garin ya riga ya fara fita tun a hanya. Abin ba shi da nauyi ko kaɗan, giram 100 ya cika robar da in ka gani za ka rantse rabin kilo ce. Kana kusanto da cokalin awo na roba sai kaga garin yana tsalle da kansa yana mannewa a jikin cokalin, a safar hannu, a bakin robar ta waje, saboda caji, in kuma haske ya ratso ta gefe za ka hango wani siririn hayaƙi-hayaƙi yana shawagi saman bakin robar ba ya saurin sauka. Ba wari, ba ya sa atishawa, ba ya sa tari, ba ya yi maka komai a lokacin. Wannan shirun nasa ne yake ruɗin mutane.

Yanzu takardar tsaro, wadda ita ce ta ɓata min rai. A shafin sayarwa suna ba ka zaɓin kauri, akwai 8 zuwa 15 nanomita, akwai 20 zuwa 30, akwai wanda ya haura 50, kowanne da tsawonsa. Amma takarda ɗaya ce tak suke turowa ko wanne ka zaɓa. Na duba lambar CAS da suka sa, wato lambar rajistar da ake gane kowane sinadari da ita, 7782-42-5, wallahi wannan lambar girafait ce, abin cikin fensir. Nanotub yana da tasa daban, 308068-56-6. Kuma ba yau aka raba su ba, hukumar kare muhalli ta Amurka EPA tun 2008 ta fitar da sanarwa cewa a dokarsu ta sinadarai nanotub ba girafait ba ne, abu ne daban. A sashen haɗari abin da suka rubuta bai wuce yana iya sa ƙaiƙayin ido da na maƙogwaro ba, sai iyakar ƙura a iska da suka kwafo ta girafait, miligiram 5 a kowace mita kubik. Wanda bai san dawan garin ba zai karanta yace ai ba komai, ƙura ce kamar kowace ƙura.

To ga lambar da ya kamata ace ta fito a wurin. Cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, a 2013 ta ba da shawarar kada abin da ma'aikaci ke shaƙa ya wuce maikirogiram 1 a mita kubik a aikin awa 8. Maikirogiram fa, ba miligiram ba, sai ka tara maikirogiram dubu kafin ka samu miligiram ɗaya. Tsakanin wannan da abin da ke takardarsu ninki 5,000 ne. Kuma su NIOSH ɗin da kansu sun ce ba wai a nan haɗari ya ƙare ba, sun tsaya a nan ne saboda wajen nan ne iyakar abin da hanyar awon nasu take iya aunawa daidai. Don ka ji abin a jikinka yi lissafi, ɗaki mai mita 4 a 4, tsawon sama mita 3, iskar cikinsa mita kubik 48 ce, kenan maikirogiram 48 kacal in ya watsu a iskar ɗakin an kai iyaka. Sikelin da yawancinmu muke awo da shi daga 0.01 giram yake fara gani, wannan kuwa maikirogiram 10,000 ne, wato abin da sikelinka ma bai san ya ɓace ba ya ninka abin da ɗakin ke iya ɗauka sau 200. Gaskiya ba duk wanda ya zube ne yake tashi sama ba, yawanci dunƙulewa yake ya faɗi, amma dai kaga tazarar.

Me yasa ake tsoronsa haka alhali kabon ne zalla? A cikin huhu akwai wasu ƙwayoyin jiki da aikinsu shara ne, makrofej ake ce musu, duk ƙurar da ta kai can ƙasa su ne suke haɗiye ta su fita da ita. In abin dunƙule ne ko gajere, lafiya lau. In kuwa zare ne dogo mai tauri wanda ya fi ƙwayar tsawo, wajen maikiromita 15 zuwa 20 ko sama (maikiromita ɗaya nanomita dubu ne), sai ta kama ta kasa rufe baki a kai, ta yi ta zubar da sinadaran kumburi a wurin, ta mutu, wata ta zo ita ma haka, shi kuma zaren ba ya narkewa, yana nan. Shekara da shekaru ana haka sai wurin ya yi tabo ya yi kanta, huhu ya rage buɗewa. Wasu zaren kuma sukan ratsa har tantanin da ya lulluɓe huhu, ƙofofin da ruwa ke fita ta wurin ƙanana ne, dogon zare ba ya wucewa sai ya maƙale. Wannan ita ce hanyar da asbestos, ma'adinin nan mai zare-zare da ake sawa a kayan gini, yake bi ya kawo sankarar tantanin huhu da ake kira mesoteliyoma, wadda takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana.

A 2008 Craig Poland da Ken Donaldson da abokan aikinsu a jami'ar Edinbura suka zuba nanotub iri-iri a cikin tantanin cikin ɓeraye, dogaye masu miƙewa suka jawo kumburi da ƙulluttuka irin na dogon asbestos, gajeru da masu cukurkuɗewa ba su yi haka ba. A shekarar dai wasu a Japan suka samu mesoteliyoma ɗin kanta a ɓeraye da wani iri da ake kira MWCNT-7, na kamfanin Mitsui. Masu musu suka ce ai allura aka yi musu a ciki ba shaƙa suka yi ba, to sai ga binciken 2016 shi ma daga Japan, inda ɓeraye suka shaƙi irin nan na tsawon shekara biyu, aka samu kansar huhu. Hukumar binciken kansa ta duniya IARC da ke Liyon a Faransa ta zauna a kai a 2014, ta sa MWCNT-7 a rukunin 2B, wato mai yiwuwa yana sa wa mutum kansa, sauran ire-iren kuma ta bar su a rukuni na 3 saboda hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba. Rukuni na 3 ba wanke shi aka yi ba, don Allah a gane wannan, na ga masu sayarwa da yawa suna ɗaga shi kamar satifiket.

Kaga kenan ba duka nanotub ne ɗaya ba. Sirarin, irin 10 zuwa 15 ɗin nan, laushi gare su, suna nannaɗewa su zama kamar ƙullin zare, masu kaurin kuwa tsaye suke ƙyam kamar allura, kuma MWCNT-7 cikin masu kaurin yake. Su Turai ma a nan suka ja layi, masana hukumar sinadaransu sun ware masu kauri daga nanomita 30 zuwa sama da tsawon maikiromita 5 ko fiye a matsayin waɗanda ake ɗauka suna sa kansa in an shaƙa. To mai sayarwar nan yana da na sama da 50 a jerin kayansa, kusa da na 8 zuwa 15, danna ɗaya ne tsakaninsu, takarda iri ɗaya, ba jan rubutu ba gargaɗi ba komai. Ɗalibi mai firojek ko mai ɗan wokshop zai zaɓi mai kaurin ne ma saboda ya fi sauƙin watsuwa a ruwa. Ni na siriri na ɗauka, kuma ko shi ba wai ruwan sha ba ne, gwaje-gwajen dabbobi tun wajen 2004 da 2005 sun nuna har mai bango ɗaya, wanda ya fi kowanne siranta, yana sa ƙulluttuka da tabo a huhu. Sannan akwai ragowar ƙarfen da ake tsirar da shi a kai, baƙin ƙarfe ko kobal ko nikel, in an ce maka tsarkinsa kashi 95 to sauran 5 ɗin fa? takardarsu ba ta ce uffan ba, kuma nikel da kobal su kansu ba abin shaƙa ba ne.

Abin da nake yi da garin, tunda an riga an saya. Ba na buɗe shi a fili, sai cikin akwatin awo mai rufi mai filtar HEPA, irin filtar da ke tare ƙura mai matuƙar ƙanƙanta, kuma a nan ma a hankali, domin in jan iskar ya yi ƙarfi garin tashi yake ya bi guguwa ya fito ta gabanka, na ga wannan da idona a kan farar takardar da nake shimfiɗawa. Cokalin ƙarfe ba na roba ba. Da na auna nake jiƙa shi nan take a cikin rezin, wato ruwan efoksin kafin ya daskare, ko ruwan haɗi kafin ya fito daga akwatin, domin lokacin awo da juyewa shi ne lokacin da ya fi tashi. Takunkumi kuwa, na tiyata ɗin nan mai igiya ka manta da shi, gefe da gefe a buɗe yake. Na roba mai rufe hanci da baki nake sawa mai filta P100, in takunkumi mai lambar FFP3 ka samu shi ma ya yi. Mutane suna cewa ai abin ya yi ƙanƙanta filta ba za ta tare shi ba, ba haka ba ne, ƙananan sosai ma sun fi saurin kamuwa saboda rawar da suke yi a iska tana sa su yi karo da zaren filtar, P100 tana tare kashi 99.97 a girman da ya fi wuyar tarewa. Ba a nan gizo ke saƙar ba, matsalar gefen fuska ce, in takunkumin bai zauna daram ba ko akwai gemu a inda robar ke kwanciya, iska ta nan za ta bi ta bar maka filtarka mai tsada tana kallo. Masu gemu sai dai irin mai hula da ɗan injin da ke hura iska. Safar hannu ta naitiril, rigar aiki da ba ta zuwa gida. Tsintsiya haram, iskar kwamfuresa haram, bakyum na gida ma haram tunda ta baya zai feso maka shi, sai tsumma mai danshi ko bakyum mai HEPA.

Wani abu da ba kowa ke lura ba, jiƙa shi ba ya nufin an gama. In ka sa injin girgiza na sauti don ya watsu a ruwa, ƙananan ɗigo suna tashi daga saman kofin da nanotub a cikinsu, a rufe kofin. Fesawa da bindigar fenti kuwa ya fi komai muni, ni na daina, burushi da rola kawai.

Daga baya na gwada ɗaya kayan nasu, wanda aka riga aka dama a cikin efoksi, yana zuwa a gwangwani kamar baƙin man shafawa mai kauri, kai dai ka ɗiba ka sirka. Gaskiya wannan ya fi min sau goma. Ba ƙura, ba tsalle, awo cikin kwanciyar hankali, kuma sakamakon ma ya fi kyau domin injinsu ya fi nawa iya warware ƙullin, juriyar lantarkin tana fitowa kusan iri ɗaya daga wannan kwano zuwa wancan, abin da da garin sai an yi sa'a. Aibinsa biyu, an ɗaure ka da irin rezin ɗin da suka zaɓa, in aikinka na ruwa ne ko silikon bai yi maka ba, sannan in ya daɗe a ajiye yana ƙara kauri sai ka ɗan ɗumama. Wannan zan ba shi tauraro huɗu, ɗayan na cire ne saboda shi ma takardar girafait ɗin nan suka liƙa masa.

In ya bushe a cikin efoksi hankali ya fi kwanciya, shi yasa mai keke ko mai waya da batirinta ke da shi ba abin da zai dame shi, a ɗaure yake. Inda magana take dawowa shi ne gugar sanfefa, yanka da huda. Binciken da aka yi a kan wannan yawanci gutsattsarin robar ake samu da kawunan nanotub suna leƙowa daga jiki, ba kasafai ake samun su a sake ba, amma ƙura ce mai kaiwa huhu duk da haka, don haka ni da ruwa nake gugawa, takunkumi a fuska.

Sai shara, wadda takardar ta sallame ta da layi ɗaya, wai a zubar bisa dokar wurinka. Abin nan ba ya ruɓewa da sauƙi, kabon ne mai ƙarfin gaske, ƙwayoyin cuta na ƙasa da na ruwa ba sa cinye shi yadda suke cinye sauran datti. An nuna a lab cewa wasu sinadaran jiki da na tsiro suna iya ɓarɓashe wanda aka riga aka yi wa lahani da asid, amma wannan a kwalba ne. In ka wanke kofi a sink ya bi kwata, yawancinsa dunƙulewa yake ya kwanta a laka, inda tsutsotsi da ƙananan halittun ƙasan ruwa suke kiwo, wani kuma ruɓaɓɓen ganye da ke narke a ruwan kogi yana lulluɓe shi ya hana shi nutsewa ya yi ta tafiya. Ƙananan ƙwarin ruwan nan da kifi ke ci, dafniya, an ga hanjinsu ya cika da shi baƙi ƙirin, gansakuka kuma yana manne mata ya tare mata haske. Sannan yana da kwaɗayin kama wasu gubobin, magungunan ƙwari da dattin man fetur suna liƙewa a jikinsa, shi yasa ma ake gwada shi wajen tace ruwa, amma a kogi hakan na nufin yana iya ɗaukar guba ya kai inda ba ta je ba. Ƙungiyar ChemSec ta Suwidin ta sa shi a jerin sinadaran da take cewa a nemi madadinsu a 2019, saboda maganar kansa da kuma wannan rashin ruɓewar, masana da yawa sun yi musu cewa bai kamata a haɗa duka iri a kwando ɗaya ba, kuma inaga suna da gaskiya a nan.

Ni abin da nake yi, ruwan wanki ba ya zuwa sink. Ragowar haɗi da tsumma da safar hannu da farar takardar nan duk ina tara su a gwangwani, in zuba musu ragowar efoksi su daskare su zama dutse guda, filta kuma leda biyu a ɗaure da rubutu a jiki, sai a miƙa wa masu karɓar sharar sinadarai. Ƙonawa a bola kada ma a fara, injin ƙona shara na gaske mai zafin digiri 850 zuwa sama shi ne yake cinye shi, wutar fili kuwa robar za ta ci ta saki abin da ke ciki ya bi hayaƙi.

Na rubuta wa masu sayarwar ta akwatin saƙonsu, tambaya uku nayi, wane ƙarfe ne ya rage a ciki, ko suna da hoton maikiroskof na irin da suka turo min, da kuma dalilin da yasa lambar girafait ce a takarda. Sun amsa da wuri kam, ba laifi, cikin ladabi, suka turo hoton da awon tsarki, ƙarfen ya fito nikel ne, wanda da tun farko ya kamata ace yana rubuce. Ta ukun kuwa suka tsallake ta kamar ban yi ba, suka ƙara da cewa in na sayi rabin kilo akwai ragi. Wanda yake da lab mai akwatin awo da HEPA kuma ya san abin da yake yi, garin zai biya masa buƙata, ya zaɓi siriri in aikinsa zai yarda, ya nemi hoton kafin ya biya. Wanda kuma a ɗaki ko gareji yake aiki, ko inda yara ke shiga, ya ɗauki na gwangwani, na sama da 50 ɗin nan a busasshen gari kuwa ni ko kyauta aka ba ni ba zan buɗe shi ba.